Shekarar da Bangona Ya Tsiro

Ina da shekara sittin da biyu na bi jakuna da buhu a kasuwar Abu Hujar ina tsince kashinsu. Ban yi a ɓoye ba. Da hantsi na yi, ranar kasuwa, sanye da farin tob, mayafin da na yi shekara talatin ina shiga aji da irinsa. Matan da na koya wa karatu suna yara sun gan ni, wasu suka kawar da kai, wasu suka saki baki. Duk wannan saboda ɗaki guda ne, ɗakin da ɗana ya ce sai an rushe.

Ɗakin na jalus ne, wato ginin ƙasa zalla, sahu kan sahu. Ni da maigidana, Allah ya jiƙansa, muka gina shi a shekara ta biyu da aurenmu, a ƙauyenmu da ke bakin kogi kudu da Sinja. Ƙasar wajenmu baƙa ce mai taurin kai. Da rani ta dare har ƙafar akuya ta faɗa, da damina ta kumbura ta ɗaga duk abin da aka ɗora mata. Shi ya sa maigidan ya haƙa tushe har ƙugunsa, ya yi ta jido yashi daga kogi yana zubawa, mutane suna tambayarsa ko rijiya yake haƙa. Ni ke cuɗa ƙasa da ƙafa, shi ke ɗorawa. Kamu ɗaya za mu ɗora mu bar shi kwana huɗu ya sha rana, sannan mu ƙara wani. Kaurin bangon ya wuce daga gwiwar hannuna zuwa yatsa. Ya bar taga biyu ƙanana can sama, ɗaya kudu ɗaya arewa, suna kallon juna don iska ta ratsa. Gabas da yamma ya toshe su ruf, ya dasa darbejiya ta yamma ta tare ranar la'asar.

A watannin zafi, lokacin da masu rufin kwano ke gudu daga ɗakunansu tun kafin azahar, ni a ciki nake ƙailula, ruwan randata kuma har haƙori yake kamawa. Ba na alfahari da abubuwa da yawa a duniya, amma ina alfahari da wannan.

Sai dai ginin ƙasa yana da haƙƙinsa, kuma ba ya yafewa. Duk shekara kafin ruwan farko sai an yi masa zibala. A haƙa rami, a zuba kashin jaki da na shanu, a ƙara ƙasa da ruwa, a tattake, a rufe da tsohuwar tabarma a bar shi ya ruɓe. Wari kam akwai shi, ba zan yi wa kowa ƙarya ba. In ya nuna sai ya yi santsi kamar kunu mai kauri, a kwasa a yaɓe bango da rufi da tafin hannu. Idan ya bushe, ruwa zamewa yake a kansa. Tun rasuwar maigidana ni kaɗai nake yi, ban taɓa tsallake shekara ba.

Ɗana na fari direba ne a Jidda. Yaron kirki ne, ba ya barina da yunwa, Larabci ya fi zama a bakinsa fiye da Hausa kamar sauran tsararrakinsa. A ƙarshen bazarar waccan shekarar ya bugo waya.

"Inna, kalas, ya isa haka," ya ce. "Wanga ɗaki ya yi zamaninai. Zan sa a kawo jan bulo, a yi miki ɗaki biyu da baranda, a rufe da zinki."

"Zinkin da ke soya mutum da ransa?" na ce.

"A sa fanka."

"Da wace wuta? Wadda ke zuwa gaisuwa ta koma?"

Bai yi dariya ba. Kwana biyu sai ga baffansa, ƙanin maigidana, ya yi sallama. Tsakanina da shi akwai wasan matar wa da ƙanin miji tun ina amarya, ba ma haɗuwa ba mu tsokani juna ba. Ranar kuwa da fuskar manzo ya zo. Ya ce yaron ya ɗora masa maganar, kuma shi ma yana ganin gaskiyarsa, domin duk gidan da ke da ɗa a waje ya koma jan bulo, sai nawa. Na ce masa ai ban san ana gasar ba. Muka yi ta ja har kofin shayinsa ya huce. A ƙarshe ya ce to a yi sharaɗi: in daminar bana ta ci bangon, ko faɗin tafin hannu ne ya zube, za a rushe ban ce uffan ba. In ya tsaya, ba wanda zai ƙara tada zancen.

"Na yarda," na ce. Zuciya ce ta amsa, hankalina bai iso wurin ba tukuna.

Washegari na ɗauki buhu na nufi garkensa, inda na saba kwasar kashin shanu duk shekara. Na tarar da wurin an share tas kamar za a shimfiɗa tabarmar baƙi. Ashe masu kamina, wato masu gasa jan bulo a bakin kogi, sun bi ƙauyen da amalanken jaki sun saye kashin dabbobi kakaf, don da shi suke kwaɓa ƙasar bulonsu. Su ne dai suka cinye bagaruwar bakin kogi da muka taso muna hutawa a ƙarƙashinta, yanzu kuma sun biyo kashi. Ƙanin mijina yana tsaye yana sakace haƙori.

"Ma'alesh, sai haƙuri, Ustaza," ya ce, "an riga an kwashe."

Na zaga gida bakwai, ko'ina labari ɗaya. Na dawo raina a ɓace, na zauna ina kallon bangon gabas, wanda ruwa ke duka, ya yi furfura ya fara tsattsagewa. Ban ga dalilin da zai sa ɗakina ya faɗi don a gasa bulon da za a maye gurbinsa da shi ba. A nan na tuna da jakunan amalanke da ke jeruwa a inuwa ranar kasuwar Abu Hujar.

Kasuwa uku na yi. Masu jakunan da farko sun ɗauka taɓuwa ce ta same ni. Da suka gane da gaske nake, wani dattijo cikinsu ya riƙa tara mini a gefe, ya kuma ɗauko mini buhunan a amalankensa har ƙofar gida. Kafin na cika buhu na biyu labari ya haye teku ya kai Jidda.

"Inna, kin kashe ni a gari," in ji ɗana a waya.

"Kai kana Jidda. Wa ya kashe ka a nan?"

"Mutane na cewa na bar uwata tana tsintar kashin jaki!"

"To ka ce musu ba kai ka bar ni ba, ni na tahi da ƙafata."

Na haƙa ramina a bayan ɗaki, na jiƙa, na tattake, na rufe. A rana ta biyar maƙwabciyata ta leƙo. Tsohuwa ce da ta girme ni da kusan shekara goma, Yaya nake ce mata. Ba ta taɓa shiga aji ba, haƙoranta biyu suka rage, harshenta kuwa ko ɗaya bai dushe ba. Ta ɗaga tabarmar, ta jujjuya da sanda, ta ɗebo kaɗan ta murtsuke a yatsunta.

"Wanga kashin jakan kasuwa na," ta ce. "Hatsi sunka ci, ba kara ba. Ki bar shi shi yi sati ukku."

"Yaya, shekara arba'in ina zibala. Sati guda munka saba."

"Arba'in kina zibala da kashin jakan ƙauye."

Na ɗaga kai na dubi gabas. Hadari ya fara taruwa da yamma yana watsewa, iska ta juyo kudu. Sati uku a ganina wasa da wuta ne. Kuma in faɗi gaskiya, ban saba a gyara mini aiki ba, ni na saba riƙe jan alƙalami. Na yi mata godiya irin wadda ake yi wa mutum don ya tafi. A rana ta bakwai na kwashi rabin ramin na yaɓe bangon gabas da na kudu da rufi. Sauran na bar shi a rufe don katangar gida. Aikin ya yi kyau, ya bushe sumul, na yi ta zagaya shi ina jin daɗi.

Bayan kwana huɗu aka yi yayyafi, washegari aka ƙara. A safiya ta uku na fito alwala na ga bangona ya yi wani kore-kore. Na ɗauka idona ne. Na matsa kusa, sai ga tsiron dawa, siriri, dubbai, yana leƙowa daga cikin yaɓen tun daga ƙasa har sama. Na ja baya na dubi rufi, shi ma ya yi gashi. Jakunan amalanke hatsi ake ba su don su ja kaya, ba sa tauna shi duka, ƙwayar ta fito da ranta. Da na bar ramin ya yi kwanakinsa da ta ruɓe a ciki. Ni kuwa na ɗauke ta na shuka a bango, na haɗa mata da taki.

Awaki suka riga mutane ganewa. Kafin hantsi na ƙauyen duka sun hallara, suna miƙewa a ƙafafun baya suna fizgar tsiron, kowace fizga ta taho da ɓallin yaɓe. In na kore su ta gabas sai su ɓullo ta kudu. Wani bunsuru har kan rufi ya hau, ban san ta inda ya bi ba. Zuwa azahar bangon ya koma kamar fuskar da ƙyanda ta ci.

Sai mutane. Wanda bai taɓa ratsawa ta ƙofar gidana ba ranar ya samu uzuri.

"Ustaza, yaushe za a yi girbi?"

"Allah shi sa albarka a wagga gona ta tsaye!"

Ƙanin mijina ya yi dariya har da riƙe ciki, ya ciro wayarsa ya ɗauki hoto. Kafin sati ya zagayo wata babbar mota ta juye jan bulo a ƙofar gidana.

"Sharaɗi sharaɗi ne," in ji ƙanin mijina, yana tsaye kusa da bulon.

Na shiga na ɗauko fartanya. A gabansa na kankare yaɓen da ya lalace, faɗin faifai, har ainihin bangon ya fito, busasshe, mai tauri. Na ƙwanƙwasa shi da ƙotar fartanyar ya amsa.

"Bango anka ce, ba rigatai ba," na ce. "Nuna mini inda bango ya zube. Kuma damina anka ce, ba yayyafi biyu ba."

Ya dubi bangon, ya dubi sama. "To," ya ce, "mu bar ruwa shi yi muna aikin."

Da ya tafi na shiga ɗaki na yi kuka. Ba dariyar mutane ta sa ni kuka ba. Abin da ya ƙona mini rai shi ne da hannuna na tuɓe wa ɗakin rigarsa a bakin damina, saboda girman kai. Na share fuskata na nufi gidan Yaya, tafiyar da ta fi ta kasuwa wuya nesa ba kusa ba. Na durƙusa na ce mata ita ke da gaskiya. Na shirya wa gori, sai ta ce in miƙo mata sandarta.

Ta ɗaga tabarmar ramin. Rabin da na bari ya haura sati uku, ya yi baƙi, ya yi santsi, ba ƙwaya ko ɗaya da ta rage. Ta shinshina kamar mai sayen turare.

"Yanzu ya zama zibala," ta ce. "Amma ba shi isa ko'ina. Gabas da bisa. Katanga sai ta yi haƙuri."

Kwana biyu muka yi muna kankare tsohon yaɓen, da fartanya da fasasshen kasko, don saiwar ta fara shiga. Daga nan muka zauna jiran rana, domin yaɓe cikin damina sai an samu kwana biyu ba ruwa. Ni kuma na bi gida gida. Waɗanda suka yi mini dariya rabinsu ɗalibaina ne, sauran mazan ɗalibaina. Na fito da muryar da nake tsayar da aji da ita na ce kowa ya ɗaure awakinsa kwana uku, kuma duk akuyar da na gani a jikin bangona da ita zan yi miyar dare. Aka ɗaure su. Har wata ta ce mini "Hadir, Ustaza," wato an gama, tana sunkuyar da kai, ga jikanta a baya.

Ranar da Yaya ta ce gwiwarta ba ta jin ruwa, muka fara da asuba. Ni a kan tsani, ita a ƙasa tana miƙo mini kwano. Mu biyu shekarunmu sun haura ɗari da talatin. Ba wanda ya zo ya kama mana, ban kuma roƙi kowa ba. Tafin hannuna ya tsage, zibalar tana shiga tana yi mini zogi, bayana kamar zai rabu biyu. Yaya daga ƙasa tana ta gyara mini: nan ya yi kauri, can kin bar rami, haka anka koya miki a makaranta? Na haɗiye duka. Kafin la'asar mun gama.

Kwana biyu rana ta yi mana adalci. A na uku da la'asar gabas ta yi baƙi ƙirin, iska ta taso ta kwashe rumfar maƙwabta, ruwa ya sauko kamar da bakin ƙwarya. Na zauna a tsakiyar ɗaki ina kallon rufi, ina jin indararo yana zuba. Can na ji rugum a waje. Na leƙa, katangar gida ce ta kudu, wadda ba ta samu yaɓe ba, ta kwanta. Ɗakin ko ɗigo bai yi ba. Haka ya sha sauran ruwan shekarar har damina ta ɗauke. Ƙanin mijina ya zo ya zagaya shi sau biyu yana latsawa da babban yatsa, ya dawo ya zauna ya ce ko akwai jabana, kofin wajenmu. Na dafa masa kofi, na cika masa citta har ya yi tari.

Bayan girbi ɗana ya zo hutu. Na tanadi maganganu kala kala da zan gasa masa. Da azahar na shimfiɗa masa tabarma a tsakar ɗaki, inda ya fi sanyi, sai ya jawo ta ya zauna a bakin ƙofa, rabin jikinsa a rana.

"Shigo mana," na ce. "Ko tsoro kake ya faɗo maka?"

Da wasa na faɗa. Shi kuwa ya ce, "I."

Ya tambaye ni ko na tuna yaron da bango ya faɗa wa a ƙarshen ƙauye, wata damina can baya. Na tuna. Ajinsu ɗaya, shekararsu tara, har na je gaisuwa. Ya ce suna dawowa daga makaranta tare aka fara ruwan, yaron ya shiga ɗakinsu, shi ya fake a rumfa. A gaban idonsa ɗakin ya zauna. Da hannu ya yi ta tonon laka kafin manya su iso, har ya kamo ƙafa.

"Da na zo gida," ya ce, "kinka buge ni don na ɓata kayan makaranta."

Na tuna dukan. Na tuna rigar, na tuna har tsintsiyar da na ɗauka. Shekara talatin ina koyar da 'ya'yan mutane, ban tambayi nawa daga ina lakar ta fito ba. Ban san lokacin da na sauko daga gado na zauna kusa da shi a bakin ƙofar ba. Na roƙe shi gafara, ya ce ba komai. Sannan na ce masa wancan ɗakin ba shi da tushe, kuma ya yi shekara uku ba zibala, kowa ya sani.

"Na sani, Inna," ya ce. "Kaina ya sani. In na ji an ce ana ruwa a Sinja, ba ni iya tuƙi, sai in tsai da mota gefen titi." Ya ɗago ya dube ni. "Ki bari a gina. Ba don mutane ba."

Da ƙanin mijina ne da na san amsar da zan ba shi. Wannan kuwa ɗana ne, yana roƙona da abin da na yi masa. Na san in na shiga ƙarƙashin kwano zan yi ta narkewa wata takwas a shekara don ya samu barcin wata huɗu. Na san kuma wanda ya ɗora kowane sahu na bangon da nake jingine da shi.

"A'a," na ce. "Ka yi haƙuri, ɗana. Ba ni fita."

Bai ƙara tada zancen ba, sharaɗin ya riƙe shi kamar yadda ya riƙe ni. Amma tun daga lokacin, duk sanda hadari ya haɗu a wajenmu wayata sai ta yi ƙara. Ban san wa ke gaya masa ba. Mu yi ta hirar albasa da jikoki da ciwon gwiwar Yaya, ba ya tambayar bango, ni ma ba na faɗa, har ruwan ya ɗauke ya ce to sai an jima. Bara aka yi wani ruwa mai ƙarfi da rana, layin ya katse muna tsakiyar magana, bai dawo ba sai bayan la'asar. Da na samu shiga, bugu ɗaya ya ɗauka. Bai yi sallama ba, numfashinsa kawai nake ji, da ƙarar motoci suna wuce shi a gefen titi.

"Ina nan," na ce.

Ya daɗe kafin ya iya cewa to.